Injin dizal ya rasa komfireshan farat ɗaya: kafin ka ce a sauke inji

Ka ce mai motar yana cikin tafiya lafiya lau sai injin ya mutu, yanzu in an buga kik yana juyawa fir-fir amma ya ƙi tashi, kai kuma har ka yanke hukunci ringi ne, wato zoben fistan, a sauke inji. Dakata tukuna, yarona. Ringi ba ya mutuwa rana ɗaya. Kafin ya gama cinyewa sai ya daɗe yana ba da sanarwa: shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi, gardamar tashi da sassafe. Motar da jiya take gudu, yau ba matsi, wato komfireshan, wani abu ne ya karye ko ya goce daga mazauninsa. Ruwa ba ya tsami banza.

Injin dizal ba shi da fulogi mai tartsatsi. Iska yake matsewa ninki 16 zuwa 22, har zafinta ya haura digiri 500, nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. In matsin ya zube, ko mai na zuwa ba wuta, sai dai farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas.

Kunnenka ya riga ya yi maka rabin aikin. Da silinda ɗaya ce ta mutu cikin huɗu, da ka ji kik yana ɗingishi, ya yi nauyi sau uku ya zarce a na huɗu. Tunda gudu yake bai ɗaya, dukkansu ne suka saki, kuma abin da ya fi saurin kashe su tare shi ne taimin, wato bel ko sarƙar da ke daidaita motsin bawul da na fistan. Saboda haka ka daina buga kik ɗin nan, ɓarna kake ƙarawa. Buɗe murfin bel. Kada ganinsa a miƙe ya ruɗe ka, sau da yawa haƙoransa ne suka zube a ƙasa wajen karanshaf, inda ido ba ya kaiwa. Sa sifana ka juya injin da hannu a hankali, ka ga ko kamshaf, mai buɗe bawul, yana bi, ka duba ko makin taimin ya haɗu. In ka ji ya cije, tsaya, kada ka nuna ƙarfi. Fistan ne ya tarar da bawul. A dizal tazarar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, bel ko sarƙa na tsallakewa bawul ya lanƙwashe.

In taimin daidai yake, sai geji na auna matsi. Ba na fetur ba, yawancinsu iyakarsu wajen bar 20 ne, lafiyayyen dizal kuwa yana kai 25 zuwa 35. Cire hita fulogi duka, masu ɗumama silinda kafin tashi, yanke mai, ka tabbatar batir a cike yake, don batir mai sanyi kan sa geji ya yi wa inji ƙazafi. Kowane inji da lissafinsa. Na Volkswagen 1.9 TDI, alal misali, sabo yana ba da 25 zuwa 31, bai kamata ya gaza 19 ba, kuma bambancin silinda da silinda kada ya wuce 5. Biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu, ka tambaya ko motar ta yi zafi. Ɗaya ta nuna sifili, bawul ne ko fistan ya huje.

Dabarar nan ta tsiyaya baƙin mai a silinda a sake gwaji, ka bar wa masu fetur. A dizal wurin ya yi kaɗan, man zai iya kamawa ko ya tokare fistan. Kawo fistan sama, bawul duka a rufe, ka hura iskar kwamfaresa ta ramin hita, ka kasa kunne. Huci ta salansa ko ta hanyar shigar iska, bawul. Ta murfin baƙin mai, fistan ko ringin da ya karye. Kumfa a lagireto, gasket ko kan inji ya tsage.

Akwai wanda ke kunyata manya ma: geji ya ce matsi ya ragu, ka hura iska ba ta fita ta ko'ina. Nan sai ka zaro matatar iska ka taɓa. In da danshi, ko takardarta ta yi yamutse-yamutse, motar ta sha ruwa, ko da direba ya rantse bai shiga ba. Ruwa ba ya matsuwa, konrod, sandar da ke haɗa fistan da karanshaf, shi ke lanƙwasa, fistan ya daina kaiwa ƙarshe. Ragin milimita ɗaya ya isa ya rage wa silinda matsi. In an cire kan inji, auna tsayin kowane fistan ka kwatanta.

Ka leƙa gindin nozul ma. Baƙin dasƙararren abu kamar kwalta da ƙarar cas-cas, washar tagulla ce ta saki, aiki kaɗan ne. In kuwa ka tarar fistan ya narke a tsakiya, kada ka sa sabo sai an kai nozul ɗin silindar gwaji, don ɗiga yake maimakon feshi, kuma haka zai narkar da sabon.