Salisu, Garba da Tanko: wanne ne suna, wanne ne laƙabi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muhammadu aka raɗa mini ranar suna, amma tun tasowata Salisu ake kirana. Mahaifina kowa Garba ya san shi, sai da na girma na ga Abubakar a takardar filinsa. Kakana kuwa Tanko kawai muka sani. Yanzu takardar sakandarena da Salisu da Garba ta fito, katin ɗan ƙasa kuma da Muhammad da Abubakar, har an ce mini wai mutum biyu ne. Daga ina waɗannan sunaye suka samo asali, kuma wanne ya kamata in riƙe?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, duka naka ne, sai dai ba matsayinsu ɗaya ba. Bahaushe yana da sunan yanka, wato wanda aka yi masa huɗuba da shi, liman ya raɗa ranar bakwai aka yanka rago. Sannan yana da sunan da ake kiransa da shi a gida da unguwa. Sau da yawa na biyun yakan danne na farkon har a manta da shi, kuma abin da ya faru a gidanku ke nan har hawa uku.

Salisu ƙidaya ce ta Larabci, ma'anarsa na uku. Uba yakan so duk ɗan da ya haifa ya ci sunan Manzon Allah (SAW), to idan Muhammadu ya yi yawa a gida ɗaya dole a bambanta. Sai a jera su: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru, daga na ɗaya har na goma. Lawal da Lawan da Lawali duk Auwalu ne, daga al-Awwal bakin Bahaushe ya sarrafa su. Saboda haka cikakken sunanka Muhammadu Salisu, kuma a ƙa'idar da, akwai Muhammadu biyu a gabanka cikin 'ya'yan mahaifinka, ko suna raye ko sun koma. Yanzu dai ƙidayar ta yi sako-sako: za ka tarar da ɗan fari ana ce masa Rabi'u don kawai ya ci sunan kawunsa.

Ga wani abin lura ga mai sha'awar harshe. Salisu da Talata da talatin tushensu ɗaya a Larabci, haka Saminu da tamanin. Harafin da Balarabe ke furtawa da harshe tsakanin haƙora, a sunayen ranaku da ƙidayar kasuwa ya zama t, a sunayen mutane kuma ya zama s, kamar a Usman da Sani. Haka wani harafin Larabcin ya koma l, shi ya ba mu alƙali da Murtala.

Garba kuwa laƙabin Abubakar ne, ba suna mai zaman kansa ba a asali. Kusan kowane babban sunan Musulunci yana da irin wannan abokin tafiya. Abubakar yana da Garba da Habu, Fulani su ce Buba, a Borno a ce Bukar, masu bin Larabci su ce Sadiƙu. Umaru yana da Sanda da Faruƙu, Ibrahim yana da Iro da Halilu, Yusufu yana da Maitama, Musa yana da Kalla. A mata, A'ishatu ita ce Indo, Hauwa'u ita ce Kulu ko Jidda, Fatima ita ce Binta, Hadiza ita ce Dije ko Kubura, Zainabu ita ce Abu. Usman kuma Shehu ake ce masa don girmama Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya sa shugaban Najeriya na 1979 zuwa 1983, wanda sunansa na yanka Usman ne, duniya ta san shi da Shehu Shagari. Shi kansa Abubakar ɗin alkunya ce a Larabci, domin sunan Sayyidina Abubakar na ainihi Abdullahi ne.

Abin da ya raya waɗannan laƙubba shi ne kara. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukanta, uwa kuma takan ɓoye sunan ɗanta na fari. Idan aka mayar da sunan kaka ga jika, ya za a yi uwar yaron ta tsaya a tsakar gida tana ƙwala kiran sunan surukinta? Sai a nemo mafita: a ce Abba ko Baffa ko Baba, mace a ce Ummi ko Iya ko Mama, ko a ɗauko laƙabin da ke tafiya da sunan. Mai yiwuwa mahaifinka sunan wani babba ya ci a gidanku, kakarka ta kauce wa Abubakar ta kama Garba, unguwa ta bi ta.

Tanko daban yake da su biyun, domin Hausa ne tsantsa kuma labarin haihuwa yake bayarwa: namijin da aka haifa bayan mata sun jeru. Takwararsa mace da ta biyo bayan maza ita ce Kande ko Delu. Danginsu ne Gambo mai bin tagwaye, da Audi wanda aka haifa bayan rasuwar uba, da Ɗanladi da Talatu da Jummai na ranaku, da Ajuji da Barau da Abarshi da ake sa wa 'ya'yan mace mai wabi, wai don mutuwa ta ga ba a damu da su ba ta ƙyale su. Kakanka yana da sunan yanka a ƙarƙashin Tanko. Ka tambayi tsofaffin matan gidan tun suna raye, su ne ma'ajiyar irin wannan.

Inda matsalar take shi ne fom ɗin gwamnati an tsara shi ne a kan al'adar Turawa, inda zuriya ke riƙe suna ɗaya kaka da kakanni. Mu kuwa wane ɗan wane muka sani, wanda ya dace da aya ta 5 a Suratul Ahzab da ta ce a kira mutane da iyayensu maza. Ke nan sunan ƙarshe yana canzawa da kowane hawa. Da boko ta zo, ɗalibai da yawa garinsu aka liƙa musu: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sa'adu Zungur, Aminu Kano. Wasu gidajen kuma laƙabin kaka ne ya zauna, kamar na Alhasan Ɗantata, attajirin Kano da ya rasu a 1955. A Nijar sunan uba ake bi, amma da rubutun Faransanci, inda sunanka zai fito Salissou, na mahaifinka Aboubacar.

Ma'aikaci Bahaushe ya san Garba da Abubakar ɗaya ne, amma kwamfuta harafi take gwadawa da harafi. A wurinta Muhammad da Mohammed ma mutum biyu ne, haka Rabi'u da Rabiu, haka idan aka sauya jeri sunan uba ya shiga gurbin naka.

Shawarata, ka ɗauki takardar da ta fi wuyar gyara ka mayar da ita ma'auni, kuma galibi takardar jarrabawar WAEC ko NECO ce. Idan Salisu da Garba ke kanta, ya fi sauƙi ka jawo sauran su bi ta. Ka je babbar kotu ka yi takardar rantsuwa, a rubuta sunayen biyu cikakku a ce duka naka ne, a fayyace wanda za ka ci gaba da shi. Ka buga sanarwar a jarida ka adana shafin gaba ɗaya, har da kwanan wata, kada ka yanke gurbin sanarwar kaɗai. Da waɗannan za ka nemi gyara a hukumar katin ɗan ƙasa, akwai kuɗin da ake biya. Sai gyaran ya fito a NIN, wato lambar katin ɗan ƙasa, sannan ka je banki a daidaita BVN, wato lambar shaidarka ta banki, sannan fasfo. Wanda ya fara da banki yakan yi tafiya biyu, domin da bayanan NIN za a gwada. Idan kana son Muhammad ya zauna, sa shi a gurbin suna na tsakiya, kuma ka tsayar da rubutu ɗaya.

Ga 'ya'yanka kuma, ka yanke tun yanzu ko sunanka za su ɗauka ko na kakansu, ka rubuta shi iri ɗaya ga kowa a takardar haihuwa. Ranar shiga firamare ka kai takardar da hannunka, kada ka bar malami ya tambayi yaro, domin yaro sunan da ake kiransa a gida zai faɗa. Tun 2021 hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, da NIN take rajista, don haka kuskuren da aka yi a aji ɗaya yakan jira yaro har ƙofar jami'a.