Mun Gaji da Ƙwace Waya, Me Ya Rage Mu Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo. Dokar makarantarmu ta hana shigowa da waya, wadda aka kama da ita a ƙwace. Amma abin da suke kwasowa a gida yana biyo su aji: jita-jita, hotunan bogi, har rigima ta tashi a zangon da ya wuce kan hoton wata ɗaliba da ƙawayenta suka yaɗa. Ba mu da ɗakin kwamfuta, wutar ma sai ta ga dama. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Dokar hana waya a aji ku bar ta yadda take. Faransa ma tun 2018 ta hana ɗaliban firamare da na ƙaramar sakandare amfani da waya a makaranta. Sai dai dokar sa'o'in makaranta kaɗai take tsarewa, sauran yinin kuma yarinya na tare da wayar yayarta ko ta mahaifiyarta, ba mai duba ta. Abin da zai raka ta can shi ne abin da kika sa mata a ka.

Rashin ɗakin kwamfuta kada ya dame ki. A Finlan, ƙasar da ake yawan buga misali da ita a wannan fanni, tantance labari ba darasin kwamfuta kaɗai ba ne. Malamin tarihi na koyar da shi, na lissafi na nuna yadda ake yaudara da alƙaluma, na harshe na nuna yadda ake jan ra'ayi da kalmomi. Ke da kike koyar da Hausa kina tsakiyar aikin.

Ki fara da labarin wankan gishiri. A watan Agusta na 2014, bayan Ebola ta shigo Legas, saƙo ya yi ta yawo da daddare zuwa asuba cewa a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha. Mutane suka yi ta tashin 'yan'uwa daga barci, aka kwantar da wasu a asibiti, wasu suka rasu. Ɗalibanki ƙanana ne a lokacin, amma iyayensu sun san abin. Ki ba su aikin gida: kowace ta tambayi mahaifiyarta wa ya fara gaya mata, shi kuma daga wa ya ji. Washegari ki jera amsoshin a allo. Za ki ga “Gwaggo ce ta bugo daga Zariya”, “maƙwabciyarmu ce ta buga mana ƙofa”, sannan zaren ya tsinke a kan “an ce”. Ba likita ko ɗaya a jerin. Ki sa su lura cewa duk waɗanda suka yaɗa saƙon masoya ne, da kyakkyawar niyya suka yi. Wannan ne ya fi wuyar fahimta ga yaro, domin a tunaninsa ƙarya daga mugu take fitowa.

Daga nan ba ki buƙatar aro daga waje. Yawancinsu na zuwa Islamiyya, sun ji yadda malaman hadisi ke bin isnadi mutum bayan mutum, su ajiye ruwaya idan an samu wanda ba a sani ba a tsakiya. Sun karanta aya ta 6 a Suratul Hujurat da ta ce a bincika labari kafin a cutar da mutane cikin rashin sani. Abin mamaki, yarinyar da za ta tambaye ki ko hadisi ingantacce ne, ita ce za ta tura saƙon murya na wani “babban likita” marar suna zuwa zauruka biyar. Aikinki ki haɗa mata biyun. Ki nuna musu kibiyoyi biyun nan da WhatsApp ke sa wa saƙon da aka yi ta turawa: alama ce ta isnadin da ya yi tsawo har asalinsa ya ɓace.

Sai batun hoto, inda za ki ɗan girgiza musu karin maganar nan, gani ya kori ji. Binciken BBC kan rikicin Filato na watan Yunin 2018 ya gano cewa wani bidiyon kisa da aka yaɗa a Facebook a matsayin na rikicin, a Kwango Brazabil aka ɗauke shi tun 2012. Bidiyon na gaske ne, wuri da lokaci aka canza masa. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira da ke iya haɗa fuska da muryar mutum ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Wayarki ɗaya ta isa a nan. Ki ɗauki hoton da ke yawo a makon, ki sa shi a Google Lens a gabansu, su ga inda ya fara fitowa. Ki kuma nuna musu shafin Dubawa da na Africa Check, su san akwai masu sana'ar tantance labari. Minti goma sha biyar a mako, da labarin da su da kansu suka kawo, ya fi doguwar lacca sau ɗaya a shekara.

Rigimar hoton ɗalibar nan ita ta fi tsaya min a rai. Kada a tattauna ta a aji da sunan yarinyar, ko da habaici. Kunyar da ta sha ta isa. Ki ƙirƙiri wani misali daban, ki tambaye su: wadda ta ɗauki hoton, da wadda ta tura, da wadda ta yi dariya ta yi shiru, wa ke da laifi? Ki bar su su yi gardama. Sun san magana zarar bunu ce, amma da yawa na zaton goge saƙo ya mayar da bunun, alhali wata ta riga ta adana shi a wayarta. Su sani kuma Najeriya na da dokar laifukan intanet ta 2015, da aka yi wa gyara a 2024, kuma barazana ga mutum ta waya na iya kai wa ga kotu. Mafi muhimmanci, su san malamar da za su iya zuwa wurinta idan wani ya nemi hotonsu ko ya yi musu barazana da shi, ba tare da an fara da bulala ba. Yarinyar da ta tabbata duka za ta sha, ɓoyewa za ta yi, mai barazanar kuma abin da yake so ke nan.

Akwai wani wurin da za ki leƙa kafin ki shiga aji, wato zauren WhatsApp na malamai da na iyayen yara. Na sha ganin saƙon “a tura wa mutum goma” ya fito daga hannun shugaban makaranta. Idan za a yi taron iyaye da malamai na gaba, ki nemi a ba ki minti goma ki yi musu darasin gishirin nan, su ne ma suka yi wankan.