Wa ke kare ruwan sha daga masu haƙar iskar gas a Amurka?

Ka tambaya ko gwamnatin tarayyar Amurka ce ke sa ido kan fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa da matsattsen ruwa domin fitar da iskar gas. Galibin nauyin yana wuyan jihohi ne, domin a shekarar 2005 majalisar dokokin ƙasar ta cire wannan aiki daga ƙarƙashin dokar kare ruwan sha, sai fa idan an yi amfani da man dizal.

Shi ya sa kowace jiha da nata tsarin. Vermont ta haramta shi a 2012, Maryland kuma a 2017. Pennsylvania ta amince da shi, amma dokarta ta 2012 ta ce idan rijiyar ruwan sha da ke cikin tazarar ƙafa 2,500 daga rijiyar gas ta gurɓace cikin wata goma sha biyu bayan aikin haƙar, kamfanin ne ake ɗora wa alhaki har sai ya wanke kansa. Wannan tanadi ya kwanta mini a rai, domin manomi ba shi da ƙarfin ja da kamfani a kotu.

Matsalar gurɓacewar ruwan sha kan taso ne daga simintin rijiyar gas da bai kama sosai ba, da kuma ruwan dattin da ke dawowa sama ɗauke da gishiri da sinadarai, kamar yadda rahoton hukumar kare muhalli ta ƙasar na 2016 ya nuna.