Amsa kan yadda ake auna bayyana sha'awar jinsi

Malam, ka tambayi yadda masu bincike ke auna ko mutum yana bayyana wa jama'a jinsin da yake sha'awa. Sanannen ma'auni shi ne wanda masu bincike biyu, Mohr da Fassinger, suka wallafa a Amurka a 2000, mai tambayoyi 11, inda mai amsawa ke ba da maki daga 1 zuwa 7 kan ko mahaifiyarsa, abokan aikinsa ko shugabannin addininsa sun sani, da ko ana zancen a fili. A ganina, rauninsa shi ne cakuɗa sani da furtawa. Wani ma'aunin kuma na 2014, mai sunan jihar Nebraska ta Amurka, ya raba bayyanawa da ɓoyewa. A Najeriya kuwa, inda dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, tsoro yana iya gurɓata amsoshin.