Amsa ga 'yar'uwa da kajinta suka ƙi kwana a sabon akurki

'Yar'uwa sannu, wallahi na tausaya miki, don ni ma na sha wannan wahalar. Kin ce kin yi musu sabon akurki amma da magariba sai su koma lungun da suka saba, ga ƙwai ya ragu. Kaza akwai sabo, inda ta wayi gari nan take nema in rana ta faɗi. Kada ki sa yara su bi su da gudu da rana, firgita su kawai za a yi. Ki bari sai bayan isha'i, lokacin ba sa gani sosai, ki ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ki ɗora su kan sanda a ciki. Ki rufe su kwana 3 zuwa 7, ruwa da dusa duk a ciki, a mazubin da suka sani. Tsohon lungun kuwa ki toshe shi gaba ɗaya. Ƙwan zai dawo in hankalinsu ya kwanta.

Amma don girman Allah, kafin ki kulle su ki sa a zagaya akurkin nan a girgiza ragar ta kowane ɓangare. Ni wani kafinta ne ya cuce ni. Na biya shi kuɗinsa cas ba ciniki, har abincin rana ana kai masa. Na ce ragar ta zama mai ƙananan ido, kuma a kafe ta har ƙasa. Ta gaba ya yi aiki mai kyau, ashe ta baya, wajen katanga, jingina ragar kawai ya yi ya tura mata ƙasa. Da asuba na fito alwala na ji shiru, zakara bai yi cara ba. Na haska fitila, innalillahi, gashi ko'ina, jini a jikin raga. Muzuru ne ya shiga, su kuma a kulle suke, ba inda za su gudu. Har da wata wake-wake ta 'yar autata, kakarta ce ta ba ta, tana da 'yan tsaki, na same ta kwance fukafukai a buɗe. Yarinyar nan ranar ko koko ta kasa sha, makaranta ma da kuka ta tafi. Na aika a kira kafintan, sai da yamma ya zo, ya leƙa ya ce wai Hajiya ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma ƙusa nawa take? Ko haƙuri bai ba ni ba. Har yau in na hango shi a bakin titi sai zuciyata ta tafasa, na bar shi da Allah.

In akwai mai kwanci a cikinsu kada ki taɓa ta, za ta iya ƙin ƙwan. Kwana 21 ne, ki bari ta ƙyanƙyashe tukun. Ƙasan akurkin ki shimfiɗa buntun shinkafa ko diddigar katako, ki ajiye musu toka a gefe su yi birgima saboda ƙuma. Ga hunturu na tafe, kin san sanyin Zariya, ki ɗaura buhu ta inda iska ke bugowa amma ki bar sama a buɗe, warin kashinsu na kawo musu mura. In rufin kwano ne kuma, Maris da Afrilu sai kin ɗora zana a kai.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne cutar nan ta Newcastle mai murɗe wuya, da hunturu take share gida. Ki yi musu rigakafin Lasota, amma ba ranar da kika tashe su ba, sai sun huce. Ki je asibitin dabbobi na ABU a Samaru su nuna miki yadda ake haɗawa, don in ya sha zafi a hanya ya tashi aiki. Kuma na san halinmu, da an yi sabon akurki sai a ce bari a ƙaro kaji daga kasuwar Sabon Gari. Ki ware baƙin sati 2 kafin ki haɗa su, da tsadar masarar nan asara ba daɗi.

Ba ki faɗa mana ba, na gida ne ko irin Shika Brown ɗin nan da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI ta fitar? Don na gida sun fi gardama, su ne za ki fi daɗewa da rufewa.