Ƙanena, kahin ka hau jirgi ka hwara da bayan nan naka

Na ga saƙonka, Allah ya sa takardun zuwanka nan Montiriyal ta Kanada su hito lahiya. Ka ce bayanka na riƙewa tun da ka shiga shekarar ƙarshe a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ga zaman aji ga kabu-kabun da kake taɓawa da marece, kuma ka ga wani bidiyo ana cewa yoga ta sannu-sannu, wato wani salon miƙar jiki, tana gyara fasiya, wai gaskiya ne ko talla ce? Akwai gaskiya a ciki sosai, amma ba duka ba, bari in maka bayani.

Fasiyar nan ka santa ai. In ka tsaya wajen mahauci yana gyaran cinyar rago, za ka ga wani farin tantani mai sheƙi manne da tsoka, yana sa wuƙa ƙarƙashi yana ɗaye shi, wani wurin siriri har kana hango jan naman, wani wurin kauri gare shi wuƙa ma sai ya danna. To mu ma muna da shi, ya naɗe kowace tsoka da jijiya da kayan ciki, kuma a ƙasan baya akwai wani mai hwaɗi, hawa-hawa. Yawancinsa zaren kolajen ne, wato wani sinadari mai ƙarhi da jiki ke yi, tsakanin hawa da hawa kuma akwai wani ruwa mai yauƙi, hiyaluronan, shi ke sa su zame a kan juna in ka duƙa ko ka juya. In mutum ya daɗe bai motsa wuri ba zamewar sai ta ragu, shi ne kake jin kamar an ɗaure ka in ka sauka daga moto. Wata likita Helene Langevin, lokacin tana jami'ar Vermont a Amurka, ta duba bayan mutum 121 da na'urar eko, irin wadda ake duba mai ciki da ita, aikin ya hito a 2011, ta tarar masu daɗaɗɗen ciwon baya zamewar tantanin nan nasu ta gaza ta masu lahiya da wajen kashi 20 cikin ɗari. Ilimin ma bai tsuhwa ba, babban taron hwarko na duniya a kan fasiya sai 2007 aka yi shi a Boston.

Abin da ya sa ake cewa sannu, shi wannan tantani in ka hizge shi turjewa yake, in ka ɗora mishi nauyi kaɗan ka jira sai ya riƙa saki da kansa. Ka tuna majema da fatar jar akuyar Maradi, ba wanda ke hizgar ta, sai an jiƙa an murza ana ja a hankali. Shi ya sa a irin yogar da ake kira Yin, wadda su Paul Grilley da Sarah Powers suka yaɗa a Amurka, ba tsalle ba zuhwa, zama ɗaya ake riƙewa minti 3 zuwa 5, tsoka a sake, numfashi ta hanci a hankali. Amma kar wani ya ce maka zama ɗaya zai narkar da fasiya ko ya sake ta sabuwa, ƙarya ne, kolajen watanni yake ɗauka kahin ya sauya, kuma rabon da yawa na sauƙin da za ka ji a makonnin hwarko jijiyoyinka ne suka daina tsoron miƙar suka bar ka ka ƙara gaba. Wannan ma riba ce, ni dai barci na ya gyaru ƙwarai ta dalilinsa.

Abin da nake so ka gane wanda ba a hwaɗa wa masu zuwa, a gida jikinka na samun motsin da ba ka ma lissahi da shi. Kana zama a tabarma ka tanƙwashe ƙahwa wajen cin tuwo, kana tsugunno wajen alwala da wanki, kana zama ƙasa a fada har dare. Nan komi kujera ne, aji kujera, metro kujera, ɗaki kujera da kwamfuta, sannan ga sanyin Janairu da ke wuce 20 ƙasa da sihiri wasu ranaku, mutum ya ƙanƙame kahwaɗu tun daga ƙohwar gida har tasha bai sani ba. Hunturun Maradi wasa ne wallahi. In ka samu ɗan aikin ɗalibai kuma yawanci tsayuwa ce ko ɗaukar kwali a sito ko wankin kwanoni, kuma ganin kine, wato mai gyaran gaɓoɓi da tausa na asibiti, a nan kuɗi ne masu ciwo. Na ga samari da yawa 'yan gida sun zo garau, kahin damina biyu suna tahiya da hannu a ƙugu, abin na damuna.

Don haka ka hwara yanzu, ba sai ka biya kowa ko dala ba, tabarmarka da matashin kai sun isa. Bayan isha'i ya hi, jiki da ɗumi. Ka zauna ka haɗa tahin ƙahwahunka, ka tura su gaba kaɗan, ka bar gwiwoyi su hwaɗi gehe da kansu, ka sunkuya ka bar kai ya rataya, in bai kai ko'ina ba ka sa matashi ya tare goshi. Minti na hwarko za ka ji ba komi kake yi ba, na biyu zuciya ta hwara ce maka tashi mana, wajen na uku sai ka ji cinya ta ɗan saki ka sauka kaɗan ba tare da ka matsa ba, wannan sakin ake nema. Da minti ɗaya ko biyu za ka soma ka riƙa ƙarawa. In za ka tashi kuma ka tashi a hankali da taimakon hannu, ka kwanta rigingine ka huta, don wurin na yin laushi na ɗan lokaci. Sai kwanciya rub da ciki ka dogara da gwiwar hannu, wannan ta masu moto ce musamman tunda yini kuke a duƙe. Ko ka kwanta ka jingina ƙahwahu a bango. Kar ka kai ƙarshen iyawarka, ja mai daɗi-daɗi ake so, in ka ji suka mai kaihi ko zahi cikin gwiwa ka hita nan take.

Na san za ka tambayi maganar addini tunda asalin yoga daga Indiya ne kuma yana da alaƙa da ibadarsu. Ni miƙar jikin kawai nake ɗauka a ɗakina, ba na zuwa wurin da ake rera wani abu, in zuciyarka ba ta kwanta ba ka tambayi malaminka ka hwaɗa mishi daidai abin da kake yi.

Sai dai kahin komi, dan Allah ka je likita ya duba bayan tun kana gida. In ciwon na sauka ƙahwa kamar lantarki, ko ƙahwa na mutuwa, ko da zazzaɓi, ko hitsari na ƙwace maka, wannan ba na miƙa ba ne. Kuma in ba ka taɓa gwajin sikila ba ka yi shi, don tana cin ƙashin ƙugu, mai ita bai kamata ya matsa wa ƙugu haka kawai ba. Takardun sakamakon ka sa su cikin jakar hannu tare da fasfo, za su yi maka amfani a nan. Ka gaida Inna da su Baba.