Kaya sun ɓata a sito, zan iya cirewa daga albashin yarona?

Wani Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya aiko da wannan tambaya: ma'aikatansa tara ne, ɗaya ya shekara uku yana riƙe masa sito. Buhunan wake sun yi ƙafa, yana so ya riƙe albashin yaron ya sallame shi.

Alhaji, Allah ya mayar da alheri, amma kada ka taɓa albashin nan tukuna. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana mai gida cire kuɗin asara da kansa. Sai an nuna ganganci ko sakacin ma'aikacin ne ya jawo, kuma jami'in ƙwadago ya amince a rubuce kafin a cire. Ko ɗan garinku ne da ka ɗauko daga gida, muddin ba iyalinka ba ne, ma'aikaci ne a idon doka.

Sallama kuwa tana hannunka. Wanda ya yi shekara biyu bai kai biyar ba, sashe na 11 ya ba shi sanarwar mako biyu a rubuce, ko kuɗin mako biyun. Kora nan take saboda sata ma tana yiwuwa, sai dai zargi ba hujja ba ne. Ka rubuta masa tuhumar, ka ba shi dama ya amsa, a gaban shaidu. Idan ya garzaya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Ikoyi, abin da alƙali zai fara nema ke nan. A ganina sanarwar ta fi maka sauƙi da arha.

Abin da ya fi damuna shi ne na tabbata babu takarda tsakaninku, tunda haka muke a kasuwa, komai da baki da amana. Sashe na 7 ya ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takardar da ta fayyace aikinsa, albashinsa da yadda za a rabu. Sauran takwas ɗin ka rubuta musu yanzu, ka sa hutun shekara na aƙalla kwana shida.

Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai hau kanka ba, tunda ba ku kai mutum 25 ba. Amma kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi da mai gida ke biya wa NSITF, asusun inshorar da ke biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki, bisa dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, ya shafe ka. Asusun ne zai tsaya maka ranar da buhu ya danne wani wajen lodi.